Ruwan Bakin Ƙofa

Bara, ranar jarrabawa, Mama Tsveta ta cika buta ta tsiyaye ruwan a bakin ƙofa kamar yadda kowace uwa a birnin Plovdiv ke yi, don tafiyar mai fita ta yi sumul. Mutum biyu suka taka ruwan: ɗanta Dokta Velizar da matarsa Dokta Radostina. Dukansu likitocin zuciya ne, kuma jarrabawa ɗaya suka zauna, ta karanta hoton zuciya da ake ɗauka da sinadarin nukiliya. Radostina ta ci, Velizar ya faɗi. Tun daga nan yake cewa ita ta fara taka ruwan, shi laima kawai ya samu. Wai da wasa yake faɗa, amma ba a taɓa ganin haƙoransa ba.

Dokar masu jarrabawar kuwa ba ruwanta da wasa. Wanda ya faɗi zai iya sake zama, amma sai ya yi watanni yana karanta hotuna a gaban wanda ya riga ya ci, wannan kuma ya shaida cewa ya ƙware. A duk asibitinsu mutum ɗaya ke da wannan ikon, matarsa.

Kishi ya ci Velizar har ya rame. Shi da ya riga ta fara aiki, yau marasa lafiya ke tare shi a baranda suna tambayarsa ofishin matarsa. A gida ma gani yake uwarsa tsakiyar banitsa, gurasarsu mai cuku, take yanka wa suruka, shi ta tura masa gefen da ya ƙone.

Kullum bayan ganin marasa lafiya sai su shiga ɗakin duba hotuna. In ta ce jini ba ya isa ƙasan zuciyar nan, sai ya ce inuwar ciki ce. In ta ce inuwa ce, sai ya hango ciwo.

Ana saura kwanaki a rufe karɓar masu sake zama, ta ɗora wani hoto, ta ce, "Wannan kam lafiyarsa lau."

Velizar ya yi tsalle daga kujera. "Lafiya lau? Haba Dokta babba! Ga toshewa nan ɓaro-ɓaro, ko makaho ya gani. Da wannan idon aka ba ki shaida?"

"Ka tabbata, Veli?"

"Sai na rantse miki?"

Ta juyo ta dube shi. "Hoton tsohon nan ne na makon jiya. Ran nan ni na ce akwai toshewa, kai ka ce a sallame shi ya tafi gida."

Ya koma kujerarsa ya zauna.

"Ka iya aikin, wallahi ka iya," in ji ta. "Amma ba hoton kake karantawa ba, ni kake karantawa. Ba zan shaida ba. A bana dai a'a."

"Mijinki ne fa ni."

"Shi ma tsohon mijin wata ne."

Bai gaya wa uwarsa ba, kunya ta hana shi. Ranar jarrabawa da sassafe sai ga Mama Tsveta ta hauro bene tana haki, da butarta cike. Ta same shi da kayan barci, kofi a hannu.

"Kai Veli, ba ka shirya ba?"

"Babu inda za ni, Mama."

Tsohuwar ta dubi ɗanta, ta dubi butar. Daidai nan Radostina ta fito da jakarta za ta asibiti.

"To, ai ba na koma da ruwan nan ba," in ji Mama Tsveta. "Zo ki taka, 'yata."

Ta tsiyaye shi duka. Velizar na tsaye daga ciki yana kallon ruwan yana gangarawa bene a bayan matarsa, ƙafarsa ko ɗigo bai taɓa ba.