Rawanin Aro na Wouter

Wouter mai cuku bai taɓa wuce Amsterdam ba, amma ga shi a bangon ɗakin matarsa Marritje a Haarlem, da rawani, sai ka ce attajirin Istambul.

Ita ta matsa. Ranar da suka je wurin mai zane, ta buɗe akwatin kayan aro, ta zaro rawani da alkyabbar siliki irin wadda maƙwabta suka sa aka zana su.

"Haba Marritje," in ji Wouter, "ni da ko kwalekwale amai yake sa ni? A bar ni da baƙar hulata mana."

"Hular da ke warin cuku? Tsaya ƙyam, malam!"

Mai zanen har gemu ya ƙara masa, wai rawani ba ya kyau ba gemu.

Da zazzaɓi ya ɗauke Wouter, hular ta tafi cikin kayan sadaka. Yanzu Marritje takan tsaya gaban zanen tana neman mijinta. Mutumin da ke ciki kyakkyawa ne, ba laifi, sai dai ba ta san shi ba.