Gwajin Baba Manu

In ka kalli madabod, babban farantin cikin kwamfuta, daga sama, sai ka ga kamar gari ne aka ƙanƙantar: tituna na jan ƙarfe, rumbuna, da fili a tsakiya inda ƙwaƙwalwar kwamfuta za ta zauna. Irin waɗannan garuruwa biyu Haris ya shimfiɗa a tabarmar zauren gidansu a Anka.

Haris mai tace bidiyon bukukuwa ne, tsohuwar kwamfutarsa kuwa ta gaji. Kingsley mai shagon kwamfuta ya ba shi farantan biyu amana, ya zaɓi ɗaya, ya maido ɗayan lafiya kafin la'asar, domin wani likita na jiran wanda ya rage.

"Mi ab bambancinsu?" in ji mahaifinsa, Baba Manu, wanda ya tsufa a ramin zinari.

"Cifset, Baba. Shi ne kamar sarkin tasha, mai raba wa kaya hanya. Wannan Z790, shi nake so, hanyoyinsa sun fi yawa, kuma yana bari a ƙara wa ƙwaƙwalwar gudu. Wannan ƙaramin B760, ba ya bari."

"Wanga rawaya-rawaya hwa?"

"Ruwan zinari ne aka shafa, ɗan kaɗan."

Haris ya tafi kasuwa neman fankar kwamfuta.

Da ya dawo, mahaifiyarsa Inna ya fara tararwa a ƙofar zaure, ta toshe hanci da gefen zane. Tun shekarar da gubar dalma ta ɗauke mata ɗiya a Tungar Guru, ko kwanon wankin zinari ba ta son gani.

"Shiga ka ga ƙazantar tsohonka," ta ce.

Baba Manu na zaune da reza a hannu. Ya kankare 'yan siraran allurai masu ruwan zinari na tsakiyar farantan duka biyu, ya zuba na kowanne a murfin kwano daban. Ya tofa yawu ya murza da yatsa, ya karkata murfin zuwa haske, yadda ake gwada dutse a bakin rami. Yawun goro ya bi titunan jan ƙarfen ya taru ja a wata kusurwa. In babu alluran nan kuwa, farantan sun tashi daga aiki.

"Allah ya tsare ka, yaro," in ji tsohon cikin fara'a. "Wanda ka so ɗin nan, ado ɗai ne. Ƙaramin ya hi shi zinari. Ni ba a yi mini wayo da ido."

"Baba, ba nawa ba ne."

"To ai shi ya sa na gwada kahin ka saya!"

Tsohon na kallon Haris yana jiran godiya. Rabon da a nemi saninsa a gidan nan an daɗe.

Babur ya tsaya a waje.

"Oga Haris!" Muryar Kingsley ce. "Likita na damuna. Wanne ka ɗauka?"

Haris ya ɗaga Z790 da yatsu biyu. Wani jan ɗigo ya gangaro ya faɗi a tabarma.

"Ce mishi ya shigo," in ji Baba Manu yana gyara zama. "Shi ma in nuna mishi."