Ɗaurin Auren Banila

Tun da aka raba gidan mahaifinsu da katanga, Ungozoma da ƙanenta Auta ko ga-maciji ba sa yi. Shi yana can yana walda, ƙarar ƙarfe na cika mata kunne. Ita kuwa ta bar karɓar haihuwa, ta koma renon banila.

Banilar nan 'yar gata ce. Shuka ce mai yaɗo, ganyenta kauri da sheƙi, daga 'ya'yanta ake samun ƙamshin da ake sa wa kek. Ba ta son zafin rana, ba ta son ruwa ya kwanta mata, ga saiwoyi da take fitarwa a jikin kara tana kama duk abin da ta samu. Ungozoma ta yi shekaru tana zuba mata busasshen ganye a gindi, tana lallashi, ko fure ɗaya ba ta gani ba. Ashe 'yar butulcin ta haura katanga ta naɗe mangwaron Auta, can ta je ta fitar da zangarniyar fure.

Da safe Ungozoma ta hango daga kan tsani, furen farko ya buɗe, kore mai ratsin rawaya. Furen banila safiya ɗaya yake yi, rana na takewa ya rufe, shi ke nan. Kuma ba ya ɗaukar ciki da kansa, sai an sa tsinke an ɗaga wani ɗan mayafi da ke tsakanin namijin da macen, a matse su da babban yatsa. Ita ɗaurin aure take kiran aikin.

Ta haɗiye girman kai ta zagaya, tsinken sakace a hannu. Ta tarar da Auta a bakin ƙofa, baƙin tabarau a goshi.

"Auta, ba ni hanya. Shukata ce a bishiyarka."

"Ikon Allah! Yaya, ashe kin san ƙofar nan?"

"Ba surutu ya kawo ni ba. Aure zan ɗaura wa furen in fita."

Ya yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. "Ɗaurin aure! Ranar auren 'yata kina ina? Yarinyar da kika yanke wa cibiya da hannunki, ta yi ta leƙen ƙofa har aka tafi da ita, ba ki zo ba. Yau ciyawa ce za ta ga ƙafarki? Sai dai ki koya min in yi da kaina."

"Da waɗannan yatsun naka masu kama da guduma? In koya maka ka ci gumina? Allah ya kiyaye."

"To, abin da ya shigo gidana nawa ne." Ya bugo ƙofa.

Ta koma tana huci. Zuciya mugun nama, nan take ta raya mata a fasa kowa ya rasa. Ta ɗauki wuƙa ta hau tsani, ta datse karan daidai kan katanga.

"Sai ka ci busasshen kara!" ta ɗaga murya.

"Yaya," in ji Auta daga ƙasa, ko a jikinsa, "leƙo dai ki gani."

Ta leƙa. Fararen saiwoyi sun bi jikin mangwaron sun sauka, sun nutse cikin ƙasarsa tuntuni. Ita da ta fi kowa sanin halin banila, fushi ya mantar da ita. Rabin da ke gidan Auta zai rayu sumul, da furanninsa duka. Abin da ya rage mata tsohon kara ne mara toho, wanda zai sake cin wasu shekarun kafin ya yi fure, ita kuma ba yarinya ba. Ta sauko daga tsanin.

Daga ranar, kowace safiya sai fure ɗaya ya buɗe a kan mangwaron. Auta bai iya aikin ba, bai sake tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba. Da la'asar sai ya tsinci wanda ya faɗo ya jefo mata ta kan katanga.

"Yaya, ga wata amaryar ta mutu ba aure!"

Ita kuwa takan bari sai ta ji ya koma kan waldarsa, sannan ta sunkuya ta ɗauki furen. Ranar da na ƙarshe ya faɗo tsakar gidanta, ta zauna ta sa tsinke ta ɗaga ɗan mayafin, ta matse da yatsa a hankali, daidai yadda ya kamata.