Shafukan da Auta Ya Cinye

Umma ba ta yarda a taɓa mata ƙafa sai ana karatu. Tun da ɓarin jikinta ya shanye haka abin yake. Likita ya ce a riƙa lanƙwasa mata ƙafar hagu safe da yamma, in ba haka ba ta sandare. Da zafi. Ranar farko da Auta ya gwada, sai da maƙwabta suka leƙo. Daga baya ya gano dabara: ya jingina littafi a jikin fulas, ya danne shafin da kwalbar man zafi, hannuwansa na aiki, bakinsa na karatu. Sai ta yi tsit, ta ciji leɓe, ta saurara.

Littattafan nata ne, daga tsohon akwatinta na ƙarfe. Duk iri ɗaya ne. A bango mace da doguwar riga, namiji da takobi, bayansu gari na ci da wuta. Zamanin da, yaƙi, da mutum biyu waɗanda duniya ta rantse ba za su zauna tare ba.

Da farko dariya suke ba shi.

"Umma, wannan mutumin tun jiya yake tsaye a taga. Ba shi da sana'a ne?"

"Karanta, sarkin surutu. Kai wace sana'ar gare ka?"

Kafin ya ankara, shi ma ya faɗa ciki. Yana wankin zannuwanta yana tunanin ko wasiƙar ta isa, ko an kama ɗan aiken a hanya. Abin da ya kama shi bai taɓa faɗa wa kowa ba. A cikin littattafan nan in an tsare mutum, akwai ganuwa, akwai masu gadi, akwai makulli, kuma a waje akwai wanda ke neman mutuwa dominsa. Shi kuwa ɗaki ɗaya ne, da tagar ƙarfe mai kallon bangon maƙwabta, da bokiti, da warin man zafi. Ƙofa a buɗe take wuni. Ba mai gadi.

Yaya yakan zo ƙarshen mako da ledar lemo. Ya tsaya a bakin ƙofa, ido a waya.

"Auta, Allah ya yi maka albarka. Mu aiki ya riƙe mu."

Sai ga Dogo, abokinsa na sakandare, wanda ke bin masu haƙa rijiyar burtsatse. Ta taga ya yi masa magana, don ba ya son warin ɗakin.

"Oga na neman mutum ɗaya. Aikin da nisa, amma aiki ne. Gobe da safe motarmu za ta bi ta nan, zan danna maka hon. In ka fito, ka fito."

"Umma fa?"

"Kai kaɗai ta haifa? Shi yayan naka daga sama ya faɗo?"

Auta ya kira Yaya. Ya faɗa masa maganar aikin, Yaya ya ce:

"In ta ce ka tafi, zan san yadda zan yi, zan nemo mai kula da ita. Amma daga bakinta nake son ji. Kada gobe a ce ni na raba ta da autanta."

Daga bakinta. Auta ya wuni yana juya maganar. Ya buɗe baki yana ba ta shayi, ya rufe. Ya buɗe yana goge mata baya, ya rufe. Da yamma, yana karatu, ya leƙa ƙarshen littafin da suke kai, sai ya ga babu ƙarshen. An yage shafukan baya, saura guntayen takarda a jikin zare.

Labarin wata yarinya ne, 'yar wani mai zana taswira da aka tsare a hasumiya a bakin teku. Ita ba a tsare ta ba. Kullum tana hawa da abinci, tana sauka da kwano. Wani sojan abokan gaba ya so ta, ta so shi, so mai hana barci, har ya tanadi jirgin ruwa da zai fitar da su kafin a rufe tashar. Shafin ƙarshe da ya rage ya tsaya tana kan matakala, kwano a hannu.

Auta ya dubi Umma. Ciwon ya tafi da abubuwa da yawa. Takan kira shi da sunan Yaya. Takan tambaya ko Baba ya dawo daga aiki, shi da ya daɗe a ƙasa. Wadda ba ta riƙe wannan ba, ina za ta riƙe ƙarshen littafin da ta karanta shekaru aru-aru?

Da safe ya cusa kayansa a jaka, ya tura ƙarƙashin gado. Ya jingina littafin, ya danne da kwalba, ya kama ƙafar. Ya karanta har inda takarda ta ƙare. Bai tsaya ba. Idonsa na kan zaren, bakinsa ya ci gaba da irin muryar.

Ya ce yarinyar ta shiga, ta ajiye kwano, ta durƙusa. Ya ce tsohon, mahaifin nata, ya ji ƙamshin teku a rigarta, ya gane. Ya ce tsohon ya ɗora hannu a kanta, ya ce, "Je ki, 'yata. Ni an tsare ni, ke ba a tsare ki ba. Na yafe miki, na sa miki albarka." Auta ya kai yarinyar har cikin jirgi, ya sa iska ta cika filafilai.

Ya ɗauke ido daga kan zaren. Ƙafar na hannunsa, a lanƙwashe.

"Ka gama?" in ji Umma.

"Na gama."

"Ƙarya ba ta yi maka kyau, Auta."

Yau sunansa ta kira, daidai.

"Shafukan nan kai ka cinye su kana rarrafe. Na bar littafin a tabarma na shiga wanka, na fito na tarar da kai baki duk takarda. Sai da na sa yatsa na zaƙulo." Rabin bakinta mai motsi ya yi kamar murmushi. "Ka ci ƙarshen, amma bai zauna maka a ciki ba."

"To ya ya ƙare?"

"Ta tafi."

Auta ya ɗago ya dube ta.

"Amma ba ta shiga ɗakin ba. A matakala ta ajiye kwanon, ta juya. Ba ta tambaye shi ba, bai sa mata albarkar komai ba. Yana ta kiranta, tana ji, tana sauka. Ta shiga jirgi da muryarsa a kunne, ta tsufa da ita. Shi ya sa littafin yake littafi. Wannan naka na je-ki-'yata, wa zai yi kuka a kansa?"

"Ke kin yi kukan?"

"Kwanaki. Ina goye da kai, ina yi. Babanka ya ɗauka wani ya mutu."

"To me ya sa kike son abin da zai sa ki kuka?"

Ta kalli rufin ɗakin.

"A can ne kawai na ga wadda ta iya tafiya."

Daga bakin titi aka danna hon. Dogo ne, da irin dannawarsa ta rashin haƙuri.

Umma ta juyo da ido gare shi. Daga nan idon ya sauka kan igiyar jakar da ta leƙo daga ƙarƙashin gado, ya dawo.

"Ba zan ce maka 'je ka' ba," ta ce. "Kada ka tsaya jira. Bakina ba zai iya ba. Ita dai yarinyar ba ta zauna tana shirya wa tsohon labari don ya sallame ta ba."

Hon ya sake tashi, dogo. Ƙofa a buɗe take. Daga inda yake zaune yana hango hasken tsakar gida, da takalmansa a bakin ƙofa, sun fuskanci waje. Abin da zai yi kaɗan ne: ya ajiye ƙafar a kan katifa, ya ja jaka. Amma ƙafar ba a ajiye ta a lanƙwashe, sai an miƙe ta a hankali, in ba haka ba jijiyar ta ɗaure. Ya fara miƙewa. A hankali, yadda likita ya nuna. Umma ta ciji leɓe, ba ta yi ƙara ba, duk da ba a karatu.

Kafin diddigen ya taɓa katifa, ya ji motar ta ja. Ya bi ƙararta da kunne har ta haɗe da sauran ƙarar titi.

Ya rufe mata ƙafar da zane. Ya ɗauke kwalbar daga kan shafin, littafin ya rufe kansa.

"Saura hannun," in ji Umma, ba tare da ta dube shi ba.

Ya jawo akwatin ƙarfen, ya ɗauko na gaba. Kafin ya jingina shi a fulas, sai da ya juya baya ya duba. Wannan ƙarshensa na nan.