Sarewar Jika a Cikin Kabet

Tun yana yaro Jika ke busa sarewa a bayan shanu, amma har furfura ta cinye masa gemu bai taɓa jin busarsa daga waje ba. Mai busa ta cikin ƙashin kansa yake jin abinsa. Abin da ke isa kunnen mutane kuwa sai dai su faɗa masa, su kuma mutane ba kullum suke faɗa wa tsoho gaskiya ba.

Ya ga haka a kan yayansa Mahdi. Da numfashin Mahdi ya soma rawa, busarsa ta koma kamar kukan ɗan akuya a cikin sanyi. Duk da haka a wajen biki sai a ce masa, "Daɗi, Baffa, wallahi daɗi," in ya juya baya samari su toshe baki da hula. Mahdi ya rasu bai sani ba. Tun lokacin Jika ya yi wa kansa alkawari, ranar da tasa busar ta soma rawa zai jefa sarewar a tafki.

A daminar shekarar da aka yi ƙidayar jama'a, wani malamin jami'a mai suna Sylvanus ya iske shi da shanunsa a bakin tsohon tafkin kuza a Naraguta. Ya roƙe shi ya yi busa, ya kafa masa wata 'yar na'ura a gaba. Daga baya ya dawo masa da faifan sidi, ya ce ga busarsa a ciki. Jika ba shi da abin kunnawa, sai ya zura wa faifan zare ya rataye a ƙofar bukka, don yana son yadda yake watsa bakan gizo a jikin zana in rana ta fito.

Ana nan 'yarsa Murjanatu ta haihu a Jos Jarawa, ta aiko cewa ran suna tana son ya busa wa jaririn taken da yakan busa wa marigayiya mahaifiyarta. Ana gobe suna ya hau acaɓa da hantsi, sarewa a aljihun riga, faifai a cikin hula.

Mijinta Adnan tela ne, mai son kayan wuta. Yana da na'urar nan ta kallo da sauraro da ake ce wa hom tiyata, mai ƙananan akwatunan sauti, wato sifiku, guda biyar da wata ƙatuwa mai gurnani da ake kira wufa. Bayan an gaisa, an sha fura, an nuna wa kaka jikansa, Adnan ya karɓi faifan ya goge shi da bakin riga.

"Baffa, yau za ka ji kanka kamar a gidan rediyo. Wannan abin, in ana harbi a fim, har duƙawa baƙo yake yi."

Jika ya zauna a gefen kujera, bai jingina ba.

Sautin ya fito. Da fari bai gane taken ba. Wani abu ne siriri mai karkarwa, kamar an kulle zanzaro a gwangwani, yana tashi ta nan yana amsawa ta can. Duk inda busar ta yi ƙasa sai wani zzzz ya biyo ta. Inda ya san ya ja dogon numfashi kuwa, sautin rawa yake kamar leɓen mai zazzaɓi.

"Bari in ƙara masa armashi," in ji Adnan. Ya danna rimot, busar ta koma kamar daga ƙasan rijiya. Ya sake dannawa, ta zama masu busa uku suna faɗa a filin ƙwallo.

Murjanatu ta leƙo daga ɗaki da jariri a kafaɗa. "Daɗi, Baffa. Wallahi daɗi."

Jika ya ɗago kai. Kalmomin nan ne, ba ragi ba ƙari. Ashe shi ma ya daɗe da zama Mahdi? Tun yaushe? Ya tuna bikin da ya yi busa a Kuru bara, da wani saurayi da ya sunkuya wai yana gyara takalmi. Gobe kuma dangin miji za su cika gidan nan, su ce daɗi, su koma gida suna kwaikwayon kakan jariri. Ya taɓa aljihunsa. Tafkin na kan hanyarsa ta komawa.

"Zan tafi," ya ce. "Na bar shanu ba kowa."

"Haba Baffa, yanzu fa ka zo!"

Ya sunkuya zai ɗauki sandarsa da ya jingina a jikin kabet ɗin gilas, inda aka jera kayan auren Murjanatu, samiru da tangaran da kofuna sahu-sahu. Nan ya ga wani abin mamaki. Murfin wata 'yar samira yana tafiya. A hankali yake matsawa kamar kunkuru, ba mai taɓa shi. Jika mutum ne da kan tsaya rabin yini yana kallon tururuwa na jan fiffiken fara, don haka duk da abin da ke cin ransa bai iya wucewa ba. Ya ɗora yatsa a gilashin, ya ji yana masa cakulkuli.

"Malam Adnan, tsayar da abin nan."

Aka tsayar. Murfi ya tsaya.

"Sake shi."

Aka saki. Murfi ya kama hanya, kofuna na haɗa baki suna zzzz.

"Wai ta ina muryar ke fitowa?"

Adnan ya nuna cikin kabet. Sai yanzu Jika ya lura da su, sifiku uku baƙaƙe a tsugune tsakanin kwanuka, kowace an yafa mata ɗan saƙaƙƙen kyalle mai fure. Ƙatuwar tana can ƙasa an ɗora mata tire. Sauran biyun suna bayan kujera a kan taga.

"Su Goggo Ladi ne suka sa su ran jere," in ji Murjanatu. "Sun ce sun yi kyau a tsakiyar tangaran, kuma ƙura ba za ta taɓa su ba."

"A fito da su."

"Baffa! Wayoyin ta baya aka zura su. Sai an sauke komai an jawo kabet ɗin. Gobe mata za su shigo, abin da za su fara kallo ke nan. So kake a ce mai jego ta yi gwanjon kayan ɗakinta?"

Adnan ya sosa ƙeya. "Ni dai ban ce komai ba. Rannan kofi ɗaya na matsar, kwana na yi ina ba da haƙuri."

Jika bai yi musu ba. Ya zaro sarewar ya riƙe ta a tafin hannu.

"Kin tuna busar Baffanki Mahdi ta ƙarshe?"

Ta tuna, don tana cikin yaran da suka yi dariya.

"In abin da na ji yanzu ni ne, gobe ba zan busa ba, jibi ma haka. In kwanukanki ne, ina son in sani."

Murjanatu ta dube shi, ta dubi kabet. Sai ta kwantar da jaririn a kujera, ta ja ɗankwali ta ɗaure, ta buɗe gilashin.

Suna saukewa tsoron Jika na ƙaruwa. Ɗazu yana da abin ɗora wa laifi. In aka kwashe kwanukan nan rawar ba ta tafi ba, to ba sauran wurin ɓuya. Sau biyu yana buɗe baki zai ce a bari. Ga hadari ya haɗo ta wajen duwatsu, Adnan na ta cewa a yi sauri kafin a ɗauke wuta, shi kuwa tsoho a ransa har addu'a yake a ɗauke ɗin.

Falo ya cika da kwanuka har bakin ƙofa. Adnan ya ɗauko sifikun zai rarraba su kusurwa-kusurwa yadda yake gani a shago.

"Tsaya," in ji Jika. "Baki nawa gare ni?"

"Ɗaya, Baffa."

"To me ya sa nake busa ta gabana, ina busa ta ƙeyata? Mai busa a gaba yake zama. Kuma ka fitar da ni daga rijiyar nan."

Adnan ya zare wayoyin sifikun baya biyu da ta tsakiya, ya yi ta danna rimot har amsa-kuwwar ta mutu, ya rage gurnanin wufa. Suka ɗora sifiku biyu a kan kujerun tsuguno, dama da hagu, nesa kaɗan da bango, aka ninke tsohon zani aka sa a ƙarƙashin kowace. Jika ya zauna a tabarma a tsakiyarsu, kunnensa daidai da su. Ya rufe ido.

Iska ce ta fara fitowa, iskar bakin tafki. Sannan sarewa ta shigo, guda ɗaya, a gabansa sosai, har kana jin hucin leɓe a bakin gora. Ta hau, ta sauko, ta yi lanƙwasar nan da mahaifiyar Murjanatu kan ajiye ƙwarya ta saurara. Ba zanzaro, ba gwangwani. Ashe haka yake? Bai taɓa sanin busarsa na da taushi irin wannan ba.

Sai dogon numfashin ya zo. Ya tafi santal, ya tafi, ya tafi. Can a wutsiyarsa ya yi rawa. 'Yar kaɗan ce, kamar ganye in tsuntsu ya tashi daga reshe. Amma kabet a wofi yake, ba murfin da za a zarga.

"Daɗi, Baf..." Murjanatu ta soma. Ya ɗaga mata hannu.

"Malam Adnan, tsayar. Ka ji abin da na ji?"

Adnan ya sunkuyar da kai. Ba a saba suruki ya faɗi irin wannan ba. Ya murza rimot a hannu, ya dubi matarsa, ta kau da kai.

"Na ji, Baffa. A ƙarshen doguwar. Kaɗan."

"Allah ya yi maka albarka. Mayar da shi baya, in sake ji."

Aka mayar. Numfashin ya zo, ya yi rawarsa, wannan karon ba a tsayar ba. Sai ga wani sauti daga nesa a cikin faifan, wanda ɗazu ƙarar kwanuka ta binne. Kukan saniya ne, mai kauri, da ɗan shaƙewa a ƙarshe.

Jika ya buɗe ido. "Wule ce. Mai karyayyen ƙaho. Tana can ƙetaren tafki ranar, ta jiyo ta amsa." Ya juya sarewar a hannu. "Mutum zai yi maka kara. Saniya ba ta yi wa kowa kara. In busa ta lalace ko kai ba ta ɗagawa."

"To gobe fa, Baffa?" Muryar Murjanatu ta yi ƙasa.

Jika ya dubi sarewar. Rawar tana nan, kuma ya san ba raguwa za ta yi ba. Ya kai sarewar baki, ya busa taken a hankali saboda jariri. Da ya iso dogon numfashin sai ya raba shi biyu, ya saci iska a tsakiya, ya sauke shi lafiya. Wannan karon sautin bai yi rawa ba.

"Gobe zan busa," ya ce. "Amma Malam Adnan, kai za ka tsaya kusa da ni. Duk ranar da ka ji ta wuce haka, kai za ka faɗa mini, kafin Wule ta daina amsawa."

Ruwa ya sauko a kan kwanon rufi. Murjanatu ta durƙusa a tsakiyar samirunta tana neman wane murfi ne na wace, ta ce wa mijinta sifikun nan kada ya kuskura ya mayar mata da su cikin kabet.