Jan Tabo a Farin Wando

Wajen shanya Mubina ta ga tabon. Ja ne, dogo, a cinyar dama ta farin wandon da mijinta Tajuddeen yake zuwa Juma'a da shi, wanki bai fitar da shi duka ba. Ta tsaya da wandon a hannu a barandar hawa na goma sha ɗaya. Jirgin ƙasa ya wuce can ƙasa zuwa tashar Wangsa Maju, wani ya biyo bayansa, ba ta shanya ba.

Ta san tabon. Shekara uku ta yi tana wanke irinsa a farkon aurensu. Mai jifa a wasan kurket yakan goga ƙwallo a cinya, gefe ɗaya kawai, har ya yi sheƙi, don ya karkace a iska idan an jefa. Jan fatar ƙwallon ne ke zama a wando. Mijinta ko lemo aka miƙa masa sai ya goga a cinya kafin ya ɓare.

Amma ai rabonsa da ƙwallo shekara biyu ke nan. Haka dai ta sani.

Tajuddeen irin ɗan wasan nan ne mai hannu biyu: ya yi jifa, ya kuma riƙe sanda ya yi duka. A makarantar kwana a Zariya ya fara. Ya buga wa Nijeriya shekara tara, ya yi kakar wasa uku a wata ƙungiyar gunduma a Ingila, a can kafaɗarsa ta dama ta yage. Sau biyu aka yi masa aiki. Likita ya ce duka ba laifi, jifa kuwa in ya koma masa, wata rana ko cokali sai da hagu. Abin da ya raba shi da wasa ke nan, ya kawo su Kuala Lumpur, ya zo yin digiri na uku.

Da azahar ya shigo da gurasar roti a leda daga shagon abincin mamak na ƙasan gida. Ta shimfiɗa wandon a kan kujera, tabon a sama, ta koma kicin. Ta ji ya tsaya, ta ji ledar ta daina motsi.

"Sati biyu ne kawai, Maman Ummi," ya ce daga bakin ƙofa. "Da yaran Pakistan ɗin nan na jami'a. Ba da ƙarfi nake jifa ba."

"Da wandon Juma'a?"

"Daga masallaci muke wucewa."

Sai ya faɗi sauran, yana zagaye falon. Ƙungiyar ƙasa ta Nijeriya ta sauka a garin don wata gasa, ɗan wasa ɗaya ya karye a yatsa. Munzali, tsohon kyaftin ɗinsa wanda yanzu shi ne koci, yana neman mai hannu biyu, kuma ranar Asabar da yamma zai miƙa sunaye.

"Ka gaya masa zancen kafaɗar?"

"Na ce ta warke."

"Ta warke?"

"Wasa huɗu ne. Ban taɓa yin na bankwana ba, a gadon asibiti na ji an ba wani lambata." Ya ɗauki lemo a kan tebur, ya goga a cinya, ya lura, ya ajiye.

Ta koma kan aikinta. Dama ita ba mai doguwar magana ba ce, kallo ne nata. Tun kwana shida tana ganin abu ɗaya a bayansa duk asuba: in ya tayar da kabbara, hannun hagu ya kai kunne, na dama ya tsaya a ƙirji yana rawa. Wajen cin abinci yana ɓoyewa, gwiwar hannu manne da haƙarƙari. Gaisuwa ma ƙasa-ƙasa yake miƙa hannu. Ta ga kwalin maganin ciwo a aljihun jakarsa, rabi babu.

Kwana biyun nan ta kasa zama. Ta share ɗakin da ta riga ta share. Ta nemo lambar Munzali a wayar mijinta, ta haddace, ta rubuta saƙo a tata wayar, ta goge. In ta faɗa, ta tona masa asiri a gaban mutumin da yake jin kunya fiye da kowa. In ta yi shiru, ita ce za ta riƙa saka masa riga.

Ranar Asabar 'yarsu Ummi tana gidan maƙwabta. Munzali ya zo cin abincin rana, ya yi ƙiba, furfura ta cinye gemun. Ya ajiye wata baƙar jaka a gefen kujera, bakinta a buɗe, koriyar rigar ƙungiyar ƙasa a ninke a ciki.

"Amarya, har yanzu ba ki koyi surutu ba?"

"Sannu da zuwa, Kyaftin. Ya su Hajiya?"

"Suna gaisuwa. Kai, miyar kuka a Malesiya? Taju, dole ka yi tumbi."

"Wa ke maganar tumbi a nan?" in ji Tajuddeen. "Kai da ko ƙwallo ta faɗi sai ka yi sallama da ita."

Suka yi ta dariya, suka tuno wasan da Tajuddeen ya fitar da mutum biyar da jifa, ya dawo ya ci maki sittin da duka, duk a yini ɗaya. Mubina tana kai da kawo da kwanuka, ta ɗauke ruwa, ta mayar da shi.

Munzali ya wanke hannu, ya gyara zama. "Masu duka ina da su, yara ne kamar wuta. Mai jifa nake nema wanda zai kuma tsaya da sanda a na shida cikin jerin masu duka. Hannun nan zai yi?"

"Boleh lah," in ji Tajuddeen, yana murmushi. "Haka 'yan gari ke cewa. Zai yi."

"Ni ba Malay nake ji ba. To, shi ke nan. Ƙarfe shida zan miƙa."

Hadari ya haɗo a kan dogayen gidajen Setapak, aka kira la'asar. Tajuddeen ya miƙe. "Mu sauka surau, masallacinmu na ƙasa."

A sahu, kafaɗa da kafaɗa, ba mai kallon hannun wani. Mubina ta san haka.

"Na riga na shimfiɗa darduma," ta ce. "Ga ruwa zai sauko."

Suka yi alwala. Tajuddeen ya ja baya, ya nuna gaba. "Bismilla, Kyaftin."

Mubina ta matso bakin darduma. Ta gyara hijabi, idonta a ƙasa. "Ai mai gida ke jan salla a gidansa, Baban Ummi."

"Gaskiyar amarya," in ji Munzali. "Ni baƙo ne. Wuce."

Tajuddeen ya dube ta. Ba ta ɗago ba. Ya wuce gaba, ya daɗe a tsaye kafin ya tayar. Daga inda take a baya ta ga hagun ya kai kunne. Daman ya taso, ya wuce ƙirji da ƙyar, ya yi rawa, ya faɗo. Ta ga Munzali ya yi jinkiri kafin ya ɗaga nasa. A sujada Tajuddeen ya ɗora nauyinsa duka a hagu, a tasowa ya saki wani ɗan nishi da ƙarar ruwan sama ba ta rufe ba.

Aka yi sallama. Tajuddeen bai juyo ba, ya zauna yana jan tasbihi a yatsun hagu. Munzali ya daɗe yana kallon bayansa. Ya miƙa hannu kamar zai dafa kafaɗar, ya fasa. Ya tashi, ya ja zif ɗin jakar a hankali a kan koriyar rigar, ya rataya. Ya dubi Mubina sau ɗaya, ya sa takalmansa a bakin ƙofa, ya fita.