Zagayen Ƙarshe Kafin Damagaram

Zulkiflu ya sake ɓullowa daga bayan itatuwan kandili, gumi ya manne masa riga a baya, ya wuce ta gaban yayansa bai ko dube shi ba.

"Ɗaga ƙafa!" in ji yayan, Idirisa, daga kan moto, wato babur ɗinsa. "Haka za ka je Damagaram su yi maka dariya?"

Bakinsa ne kawai ya saba da faɗa. Shi kansa ya gaji da jin muryarsa. Tun ƙarshen damina suke zuwa wannan gandu kullum bayan la'asar, gandun da gwamnati ta dasa a bayan garin Gure don tare rairayi. Hanyar ta zagaye shi kaf: ta bi ta cikin ƙaya, ta hau wani tudu da ƙafa ke nutsewa a cikinsa, ta gangaro ta gindin goriba, ta dawo mafarinta. Jibi ne za a yi gwajin ɗaukar soja a Damagaram, gobe Zulkiflu zai shiga mota.

Idirisa ya tada moton ya bi shi a hankali. Shi ma ya taɓa sa kaki. Daga Difa aka maido shi da gwiwar hagu wadda ba ta lanƙwasuwa sosai, yanzu yana zaune a 'yar rumfa yana cajin waya. Ranar da ƙanen ya ce shi ma soja zai shiga, mahaifiyarsu Yabawa ba ta yi kuka ba. Ta kira Idirisa bayan ɗaki ta ce, "Na ba su ɗaya, ga yadda suka maido mini shi. Ba zan ba su na biyu ba. Maganarka yake ji, ka san yadda za ka yi."

Abin da ya sani ke nan: ya gajiyar da shi. Ya ce shi zai horar da shi, ya zaɓo masa hanya mafi rairayi, ya hana shi ruwa sai an gama, bai taɓa ce masa sannu ba. Ya ɗauka mako biyu za su sa ƙanen ya haƙura ya koma sana'arsa ta ɗinki. Sai ga shi yaron ya rame, ƙafafunsa sun yi tauri, tudun da a da yake hawa da rarrafe yanzu a guje yake haye shi. Kullum suka koma gida Inna takan dubi Idirisa ta kan murhu, shi kuma ya sunkuyar da kai.

A gangaren goriba ne abin ya faru. Wata saiwa ta kama ƙafar Zulkiflu, ya kife a ƙasa, ya riƙe idon sawunsa yana cije leɓe.

Wani sanyi ya ratsa ƙirjin Idirisa, sai da ya kashe moton sannan ya gane murna ce. Kunya ta kama shi. Ya dogara da ƙafar dama ya durƙusa da ƙyar, ya cire wa ƙanen takalmi, ya fara latsawa. Ya ga targaɗe iri-iri a bariki, hannunsa ya san bambanci.

"Nan da zafi?"

"Kaɗan."

"Nan fa?"

"A'a." Zulkiflu ya ɗago, rairayi a gefen fuskarsa, idanunsa sun cika da tsoro. "Yaya, gaya mini gaskiya. Ta lalace? In ka ce kada in taka, ba zan taka ba."

Ƙafar lafiyarta lau. Ba kumburi, ƙashi yana wurinsa, kafin safiya zafin zai tafi. Kalma ɗaya Idirisa zai faɗa, a ɗaure ƙafar da tsumma, a ɗora shi a moto, motar gobe ta tafi ba shi. Baɗi shekarunsa sun wuce na ɗaukar soja. Inna za ta yi barci, kuma ba wanda zai taɓa sani.

Ya ci gaba da juya ƙafar a hannunsa, ba don yana neman wani abu ba. Can nesa wani makiyayi yana kora awaki zuwa gari. Ya tuna ranar da shi ma ya tsaya a gaban uwarsu da jakarsa, da yadda babu mahalukin da ya isa ya tsayar da shi, da kuma yadda har yau, duk da gwiwar, bai yarda wani ne ya zaɓa masa ba.

"Ba abin da ya same ta," ya ce. "Sa takalminka."

Zulkiflu ya miƙe, ya taka, ya yi tsalle kaɗan, ya yi dariya. Sai ya ga yayansa yana nan a durƙushe, yana laluben abin da zai dafa. Ya kama shi ta hammata ya ɗaga shi tsaye kamar ba nauyi.

"In ƙarasa zagayen?"

"A'a, ya isa haka. Hau mu tafi." Idirisa ya kakkaɓe wandonsa. "In mun shiga gida ka wuce wanka kai tsaye. Ka bar ni da Inna."